Tankin Da Ba Ya Ƙarewa

Assalamu alaikum, Yaya.

Da sunan Allah nake farawa, shi nake roƙo ya tsare min ke a inda idona yake kaiwa da inda ba ya kaiwa. Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. To akwai maganar da bakina ba ya iya ɗauka in kina gabana, kin dai san halina. Ga shi ranar Lahadi za ki ɗauki mota ki nufi Ohio ki kama sabon aikinki, ke kaɗai, ta kan duwatsun Virginia, a tsakiyar sanyi. Allah ya kai ki lafiya, ya sa aikin ya zame miki alheri, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kika yi ranar da Anti Ladi ta shigo yi miki sallama. Ita da ta yi shekaru a Chicago kafin ta dawo maƙwabtanmu nan McLeansville, ai ta san sanyi, sanyi ya san ta. Muna cin tuwo ta tambaye ki ko kin duba waifar motarki da ruwan wanke gilashi. Kika yi dariya kika ce, "Anti, motar nan ba ta da problem. Tun da na saye ta ban taɓa zuba mata ruwan nan ba. It never runs out." Anti Ladi ta ɗago ta kalle ni, ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da yankar loma.

Yaya, babu tankin da ba ya ƙarewa. Ni ce nake cika shi. Waifar ma ni nake canzawa duk shekara in ganye ya fara zuba. Yanzu ga shi za ki tafi inda hannuna ba zai kai ba, kuma ba ki san ko ta ina ake buɗe bonet ba. Abin da ya tsaya min a rai ke nan tun ranar, shi ya sa zan ba ki labarin wautar da na tafka, ki ɗauki abin ɗauka.

Ni ma haka Abbanku ya yi min, Allah ya jiƙansa. Duk shekarun da muka yi a garin nan, ni dai in shiga mota in tayar. In gilashi ya yi datti in ja sandar nan ta gefen sitiyari, ruwa ya feso, waifa ta share. Ban taɓa tambayar kaina daga ina ruwan yake zuwa ba. Sai sanyin farko bayan rasuwarsa. An yi 'yar dusar ƙanƙara, an watsa gishiri a titi, washegari ta fara narkewa. Na ɗauko ki zan sauke ki a makaranta in wuce unguwar Irving Park wurin tsohuwar da nake kula da ita a lokacin. Muna kan babban titi wata tirela ta wuce mu ta watso mana ruwan titi. Na ja sanda, na ji abu yana kuka a cikin bonet, amma ko ɗigo bai fito ba. Waifa kuwa ta kama aiki a bushe, ta shafe gilashin da gishirin nan tas, ya koma fari kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Ban ga titi ba, ban ga motar gabana ba. Na sauke gilashin gefe na leƙa kaina waje ina salati, iska tana dukan fuskata, har Allah ya sa na samu gefen hanya na tsaya.

Kina baya da jakar makaranta a cinyarki. Kika ce, "Mama, are we gonna die?" Ni kuma na ce miki, "Rufe min baki." Na fita na cire mayafina, na jiƙa shi da ruwan gorar da kike tafiya da ita makaranta, na goge gilashin. Ban sani ba ko kina tuna ranar. Ni kam ban taɓa mantawa da amsar da na ba ki ba, kuma ba ita ta kamata ba.

Saboda haka abu na farko, kada ki hau babban titi da sanyi ba ki leƙa tankin nan ba. A can inda za ki, gishiri suke zubawa ba ƙaƙƙautawa, a tafiya ɗaya sai ki fesa ruwan da a nan kike wata ba ki fesa ba. Ki ajiye galan guda cikakke a but ɗin bayan mota, a tsaye, murfinsa a ɗaure tam. Kada kuma ki manne wa bayan tirela. In ya zama ba kya gani, ki kunna fitilar haɗari ki gangara gefe a hankali, babu wanda zai kore ki daga aiki don kin makara saboda kin tsaya goge gilashi.

To, da na gane akwai tanki, sai na ce ai abin mai sauƙi ne. A Zariya na sha ganin direban Baffana yana kaɗa omo a bokiti ya ɗura a tankin, gilashi ya yi ta ƙyalli. Na ɗebo ruwan famfo na kaɗa omo na cika shi maƙil, har ina yaba wa kaina. Ya yi aiki kuwa, gilashi fes, ga ƙamshi. Sai aka kwana ana wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Da safe na ja sanda, shiru. Na sake ja, na yi ta ja, ina cewa ai yanzu na cika shi. Ashe ruwan ya daskare ya zama dutse tun daga tankin har cikin 'yan bututun. Da rana ta ɗaga sai ga kumfa tana tsiyaya a ƙarƙashin mota, tankin ya tsage, ɗan injin da ke turo ruwan kuma na ƙona shi da naci.

Anti Ladi ce ta fito ta tarar da ni tsugune ina leƙen ƙarƙashin mota. Ta shinshina ta ce, "Hajiya, wanki kike yi wa injin ne?" Da na gaya mata ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Kai, 'yar'uwa, nan ba Zariya ba ne fa. Shiga mota mu je store in nuna miki." Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ta nuna min ranar shi zan gaya miki.

Kada launin ruwan ya ruɗe ki. Za ki ga shuɗi, ki ga kore, ki ga ruwan goro, har da mai kalar zoɓo. Launi ba ya gaya miki komai. Ki ɗaga galan ɗin ki nemi lambar sanyin da aka rubuta a jikinsa. In kin ga talatin da biyu, wato inda ruwa yake daskarewa a ma'aunin ƙasar nan, ajiye shi, na zafi ne, na wanke ƙwari, daskarewa zai yi daidai da ruwan famfo. A shagunanmu na nan Greensboro irin wannan yakan zauna a kanta har sanyi ya shigo, don mu a nan sanyinmu na leƙe ne, ya zo ya tafi. Ke ki nemi wanda aka rubuta ashirin ƙasa da sifili, da 'yar alamar ragi a gaban lambar, ko wanda ya fi haka ma. In kin samu mai narkar da ƙanƙara ya fi kyau. Kada ki tsarma shi da ruwa wai don ya daɗe. In kuma akwai ragowar na zafi a tankin, ki feshe shi ya ƙare tukuna, don in kika haɗa su mai ƙarfin ma ya zama rago. In kin zuba sabon ki fesa sosai har ya kori tsohon da ya rage a bututu.

Ki kula da murfin da za ki buɗe. Naki shuɗi ne, da zanen gilashi da ruwa yana tsartuwa. Akwai wani tanki kusa da shi na ruwan lagireto, shi ma ana cewa ba ya daskarewa, amma ba ɗaya ba ne. Kada ki zuba wannan a wancan, kada ki zuba wancan a wannan. Sannan ruwan gilashin nan guba ne, ga shi da kalar lemon da yara ke sha. Kada ki juye shi a gorar ruwa, kada ki bar shi inda yaran maƙwabta za su kai hannu.

Wauta ta gaba ma ta fi ba ni kunya, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Wata safiya na fito na tarar da gilashin ya yi sulke da ƙanƙara, ga ni na makara. Na koma ciki na ga butar alwala, na ce ai ƙanƙara ba ta fi ƙarfin ruwan zafi ba. Na cika butar da ruwan da na tafasa na shayi, na zo na tsiyaya shi a kan gilashin, a natse, kamar mai yi wa wani zubi ya wanke hannu. Akwai wani ɗan tabo da tsakuwa ta taɓa yi a gefe. Sai na ji ƙas, tabon nan ya ja layi tun daga nan har gaban kujerar direba. Ruwan da ya gangara kuma ya sake daskarewa a kan waifa. Na shiga na kunna ta da ƙarfin tsiya, ta yi kuka ta fizge, robar ta yage ta bar rabinta manne da gilashi. Sauri ya haifi nawa, ranar a motar Anti Ladi na je aiki.

Buta ta alwala ce, ki bar ta a banɗaki. Ki fito da wuri, ki tayar da mota, ki juya hita zuwa gilashi, ki ɗauki abin kankare ƙanƙara ki kankare. Ki kankare duka, har na gefe da na baya da rufin mota in dusa ta taru, ba ki huda ɗan rami daidai idonki ki ce ya isa ba. Kafin ki kunna waifa ki ɗaga ta da yatsunki ki ji ko ta saki gilashi. In ba ta saki ba ki jira hita. Da yamma in kin iso gida ki kashe waifa kafin ki kashe mota, don in kika bar ta a kunne, da safe kina murza makulli za ta yunƙura tana manne. In kin ji an ce za a yi ƙanƙara cikin dare kuma babu iska mai ƙarfi, ki ɗaga hannuwan waifar ki bar su a tsaye.

Da na je sayen sabuwar waifa kuwa, na ɗauka kamar takalmi ne, ƙafar dama da ta hagu duk lamba ɗaya. Na zaro biyu masu tsawo ɗaya na biya na fito, ban tambayi kowa ba, don kada a ce baƙuwa ce. Na zo na yi ta kokawa na saka. Ina kunnawa suka sarƙe da juna a tsakiyar gilashi suka tsaya cak. Na koma shagon, na ce wa yarinyar da ke kanta ga irin motata ga shekararta, ta danna kwamfuta ta miƙo min biyu, doguwa da gajera. Matambayi ba ya ɓata. Ta ɓangaren direba ta fi tsawo a yawancin motoci, har taki. Ki faɗi sunan motar da shekararta, ko ki duba ɗan littafin da suke ratayewa a wurin. Ki kuma ɗauki hoton inda waifar take maƙale da hannunta kafin ki shiga shago, don maƙalin kala-kala ne. Naki mai ƙugiya ne, shi ya fi sauƙi.

Iri uku za ki gani. Akwai ta da, mai ƙashin ƙarfe a fili da gaɓoɓi. Ita ce mafi araha, kuma a nan tana yi, amma a can ƙanƙara ce za ta shiga gaɓoɓin ta sandare, sai ki ga tana share sama da ƙasa ta bar miki tsakiya, daidai inda kike kallo. Akwai ta sanyi, wadda aka lulluɓe ƙashinta da baƙar roba, tana da nauyi, tana ture dusa da kyau, amma in zafi ya shigo sai an cire ta. Sai kuma wadda ba ta da ƙashi a waje ko kaɗan, lanƙwasasshiya guda ɗaya, babu inda ƙanƙara za ta maƙale. Ita na fi so miki, don na san ki, ba za ki tuna canzawa in bazara ta zo ba. Araha ba ta ado, a kan waifa kada ki yi ƙoro. Kada ki manta da 'yar ƙaramar ta gilashin baya, ita ma ido ce.

In za ki cire tsohuwar ki shimfiɗa tawul a kan gilashi, don hannun ƙarfen nan in ya suɓuce ba waifa a jikinsa, dukan da zai yi wa gilashin ya isa ya fasa shi. In kin tura sabuwar ki saurara ki ji ta ce ƙas, sannan ki ja ta ki tabbatar ta zauna. Wasu suna zuwa da wata 'yar rigar leda mai launi a kan robar, ki zare ta. Ba zan gaya miki wadda ta yi kwanaki tana tuƙi da rigar nan tana tsine wa masu kamfanin ba. Duk ranar da kika ga waifa tana barin zane, ko tana tsalle tana ƙara, ki goge robar da tsumma mai laima. In ba ta daina ba, to ta gama aikinta, kada ki jira ranar dusa ta tuna miki.

Duk waɗannan ƙananan kurakurai ne, gilashi da tanki an saye an maye. Babban shi ne wanda na yi miki. Bayan na sha wuyar nan na yi wa kaina alkawari 'ya'yana ba za su tashi a duhun da na tashi ba. Ƙanwarki Nana ko lasin ba ta samu ba na riga na ja ta gaban mota na nuna mata komai, ina zaginta tana dariya. Amma ke, da kika sayi motarki, sai na kasa. Sai in bari sai ranar Asabar kina barcin gajiya, in ɗauki makullin da kike ratayewa a bayan ƙofa, in cika tankin, in shafa robar waifa da yatsa, in rufe bonet a hankali don kada ki ji. Anti Ladi ta sha kama ni ta taga. Ta ce, "Hajiya, ki koya mata mana. Wata rana fa ba kya nan." In ce mata to.

Ke 'yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama ta yi ta hira da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka muka taso muka tarar. Ni ma ta fari ce a wurin Innata, har ta bar duniya ban ji sunana a bakinta ba. Na san tana sona ne ta wurin tsokar naman da nake tararwa a ɓoye a ƙasan miyata. Shi ya sa da Nana ta fara magana tana ce miki Yaya, na samu mafita na bi bakinta. Abin da ban lissafa ba shi ne, a Zariya ina da kaka da gwaggo da suka ɗauke ni, suka goya ni, suka yi ta kiran sunana suna min kirari har na ƙoshi. Abin da Inna ta rufe su suka buɗe. Ke kuwa a nan ba kaka ba gwaggo. Abbanku ne mai kiran sunanki tun daga bakin ƙofa, shi kuma ya tafi. Na kawo kunyar nan ƙasar da babu mai tare min ita.

Na tuna ranar da muka yi sa-in-sa a kicin kina sakandare, kika ce, "You don't even say my name, Mama." Na ce miki ki wuce ki ba ni wuri. Kin wuce. Ni kuma na tsaya gaban tukunya hawaye yana zuba. Washegari Asabar ce, lokacin ba ki da mota tukuna, sai na wanke miki takalmanki na makaranta na jera a bakin ƙofa. Ban sani ba ko kin lura.

Ina sonki, Yaya, tun ranar da aka miƙo min ke a zani. Tafiyar nan taki tana min ciwo, ina kuma alfahari da ita. Ban faɗa ba ne kawai, na yi ta zuba shi a tanki. Amma son da ya bar ki ba ki san murfin da za ki buɗe ba a kan dutse cikin dusa, da sauransa. Ki yafe min.

Ledar da kika tarar da takardar nan a kanta, waifa uku ce a ciki, doguwa da gajera da ta baya. Galan biyu suna but ɗin motata, na duba lambarsu da tabarau. Ban saka komai ba, ban zuba komai ba. Jiya na ɗauki makullinki har na kai bakin mota, na tsaya, na dawo na rataye shi. Tankin ya kusa ƙarewa, waifarki ta hagu kuma ta fara barin zane.

Ranar Asabar in mun karya, ki jawo motar gaban ƙofa. Ke za ki buɗe bonet, ke za ki nemi murfin, ke za ki cire ki saka. Ni tawul kawai zan riƙe. In na ga za ki yi ba daidai ba zan yi magana, kuma ba Yaya zan ce ba. Ki yi min haƙuri in muryata ta yi rawa, ban saba ba.

Allah ya buɗe miki hanya, ya haskaka miki gabanki, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na ƙanƙara da na mutum. Ya sa ki sauka lafiya, ki kwana lafiya, ki dawo mana lafiya. In kin tsallake duwatsun ki tsaya ki kira ni, ko da kalma ɗaya ce.

Allah ya yi miki albarka, Safiya.

Ni ce,
Mamanki.